Baƙin Kunun Malam Idrisu

Malam Idrisu ya dama kunu tukunya guda ran Lahadi, ya ɗura a robobin lemo goma sha biyu, ya murɗe murafansu da iyakar ƙarfinsa.

Mutumin Maraɗi ne. Shekara talatin yana gadin wani sito a unguwar Sulay a birnin Riyad, yana zaune a unguwar Utaiƙa da matarsa Mariamou, ɗaki biyu a hawa na uku. Hausawan Riyad sun san shi da abu ɗaya: ba ya ganin ɓarna ya yi shiru. Ya taɓa korar baƙo daga gidansa saboda warin shisha. Ya taɓa tsayar da Bachir, direban tankar ruwa, a tsakiyar kasuwar Batha ya yi masa faɗa kan askin kansa, mutane na kallo. In an taru shi ke jan salla, ba don ya fi kowa karatu ba, don ba mai iya tsayawa a gabansa. Wannan suna shi ne abin da ya tara a ƙasar nan. Ba shi da wani.

Likita ne ya jawo kunun. Ya ce maiƙo ya yi yawa a jininsa, ya riƙa cin shufan, hatsin nan da ake sayarwa a gwangwani kamar dusa. Mariamou ta dafa masa da madara. Malam ya dubi kwanon ya ce shi ba jariri ba ne. In dai hatsi ne, kunu za a yi da shi, irin na uwarsa, mai tsiro.

Ya sayo sha'ir a kasuwa, ya jiƙa, ya rufe da buhu, kwana uku ya tsira. Ya shanya a saman bene, yini ɗaya ya bushe ƙayau. Ya zuba a kasko zai ɗan gasa, sai kafilinsa, ubangidan da yake wa aiki, ya kira waya. Kafin a gama magana tsiron ya ƙone ya yi baƙi. Bai zubar ba. Ya ce ba a zubar da hatsi. Ya niƙa, ya dafa da shufan, ya sa citta da kanumfari da zumar dabino gwangwani biyu, ya tace a robar da Mariamou ke kwaɓa fanke. Kunu ya fito baƙi wuluk.

Mariamou ta ce ba a wanke robar ba, akwai sauran ƙullu da yis a gindinta. Ya ce ƙullu ba najasa ba ne. Ta ce taron 'yan Maraɗi da ya dama kunun dominsa sai Juma'a, kunu ba ya kwana biyar, firji kuma cike yake da nama. Ya ce uwarsa ba ta taɓa ganin firji ba. Ta ce uwarsa a tulu take zubawa, baki buɗe, kafin la'asar an shanye. Ya tambaye ta ko ta fi shi sanin uwarsa ne. Ya jera robobin a ɗan ɗakin ajiya, inda iska ba ta shiga, cikin zafin Agusta.

Ran Laraba ya buɗe ɗaya, ta yi huci kamar kububuwa. Ya ce alamar tsiro mai kyau ce. Ya sha kofi guda. Da ɗan ɗaci, da zaƙi a baya, kumfa kuma ta kama masa gashin baki. Ran Alhamis bayan azahar ya sha manyan kofi biyu.

Da yamma Mariamou ta ji abin da ta jima ba ta ji ba. Malam yana dariya, shi kaɗai. Ya leƙa waje ya gai da kyanwar maƙwabta, har ya tambaye ta iyali. Ya dawo ya ce wa Mariamou zanen nan ya karɓe ta. Zanen ya shekara shida a jikinta. Ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Ya ce shufan ne, likitan nan ya san aikinsa.

Ran Juma'a bayan masallaci mutum tara suka zauna a falo. Bachir yana ciki. Akwai kuma Uwais, ɗan Kano mai karatun fiƙihu a jami'a, da farar jallabiya da tabarau. Aka ci tuwo. Malam Idrisu ya ce yau za su sha kunun da babu irinsa a Riyad, ya fito da robobin. Sun yi tauri kamar dutse, gindinsu ya kumbura, ba su iya tsayuwa. Ya matse ɗaya tsakanin gwiwoyinsa ya murɗe.

Murfin ya bugi fanka. Kumfa ta tashi har rufin ɗaki, ta sauko a kan Uwais.

Bachir ya shaƙi iska sau biyu. Da ƙuruciya ya yi shekara huɗu yana aiki a wani otel a Lome kafin ya tuba, kowa ya sani. Ya tashi ya rufe taga, ya sa wa ƙofa sakata, ya dawo ya durƙusa.

"Baba, wa ya koya maka wannan?"

"Uwata."

"Allah ya jiƙan Inna. Amma a Lome a kwalba take zuwa, Turawa ke sha, tsada gare ta. Tasu ma ba ta kai taka kumfa ba."

Kowa ya gane abin da Bachir ke nufi. Sai hannuwa suka fara laluba aljihu, kowa yana taɓa iƙamarsa, katin izinin zama a ƙasar. Sun san in warin nan ya sauka matakala, abin da zai biyo baya jirgi ne zuwa gida. Malam Idrisu bai tuna jirgi ba. Wayoyin da ke hannun mutane yake kallo. Ya san kafin magariba labari zai iya isa Maraɗi.

Uwais ya goge tabarau, ya jawo Larabci mai tsawo, ya fassara cewa duk abin da ke bugarwa haramun ne komai sunansa. Ya tambaya cikin ladabi ko Baba ya sha. Malam Idrisu ya ce ya ɗanɗana ne ya ji citta. Daga bayan labule Mariamou ta ce kofi uku, kuma ya gai da kyanwa. Bachir ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Malam Idrisu bai bari kowa ya taɓa robobin ba. Shi ya kwashe su zuwa bayi, ya buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowace sai da ta yi kokawa da shi. Mariamou ta cika gidan da turaren wuta, ta soya daddawa da albasa don wari ya danne wari. Da ta wuce ƙofar bayin ta tuna masa cewa ba a zubar da hatsi. Ya murɗe roba ta gaba.

Ya yi wanka, ya sake riga, ya fito ana kiran la'asar. Aka shimfiɗa darduma, aka yi sahu. Wurin liman babu kowa, kowa na kallon ƙasa.

Uwais ya ce abin mai sauƙi ne. Wanda ya sha bai sani ba, ba laifi a kansa. Baba ya ce kawai bai san giya ce ba, ya yi istigfari, ya wuce gaba ya ja salla, magana ta mutu a ɗakin nan. Bachir ya ɗaga yatsa ya rantse: in Baba ya faɗi kalmar da bakinsa sau ɗaya tak, shi ba zai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Ya ce faɗan askin kansa ma ya yafe.

Malam Idrisu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi tabon da ke rufin ɗaki. Ya gyara hula.

"Ba zan faɗa ba," in ji shi. "Ni kunu na dama."