Bencin Kansila

Auta ta sauko daga mota da jakarta, ta tarar da mutum shida jere a kan benci a ƙofar gidansu. Ta ɗauka rasuwa aka yi. Sai ta hangi yayanta yana gyara layin kamar ɗan sanda.

"Yaya, lafiya? Ba ka ce Mama ba ta gane kowa ba?"

"Ba ta gane kowa. Aiki ne kawai ba ta manta ba."

Uwar tasu, wadda gari duka ke kira Kansila, ita ce mace ta farko da ta tsaya takara a yankin. Maza suka yayyaga hotunanta, suka ce ta koma kicin, ta ci zaɓen ta bar su da baki buɗe. Ita ta sa aka gina ɗakin haihuwa, ita ta shiga ambaliya da babbar mota tana kwaso mutane. Kullum da safe takan zauna a baranda, mai matsala ya faɗa, ta rubuta masa 'yar takarda zuwa asibiti ko makaranta, kuma takardar ba ta dawowa banza. Auta kuwa a hannun goggo ta tashi. Uwar kowa ce matar nan, amma 'yar cikinta sai ta yi sa'a take ganinta.

"To su waɗannan fa?" in ji Auta.

"Maƙwabta ne. In ta fito ba ta ga layi ba, kuka take yi, ta ce jama'a sun yi fushi da ita. Shi ne muke yi mata layin ƙarya. Tela jiya gurgu ne, yau ɗansa aka kora daga makaranta."

Tela ya ɗaga mata hannu, ko ɗa ba shi da shi. Kan Auta ya ɗaure. Ba ta san ko dariya za ta yi ko faɗa ba. Tafiyar kwana biyu ta yi don abu guda: uwarta ta dube ta, ta gane ta, ko da sau ɗaya ne kafin lokaci ya ƙure. Ta wuce layin, ta durƙusa gaban tebur.

"Mama, ni ce."

Tsohuwar ta dube ta ta saman tabarau. "Kowa ma shi ne. Bi layi, 'yata."

Haka Auta ta koma ta zauna bayan tsohon direban Kansila, wanda yau ya zo a matsayin mai neman aiki. Tana kallo uwarta na saurarensa da zuciya ɗaya, tana rubuta takarda zuwa ga wani darakta da ya daɗe da rasuwa. Haushi ya kama ta, tausayi kuma ya danne haushin, ta rasa wanda za ta riƙe a ciki.

Da layi ya zo kanta, Kansila ta gyara biro. "Me ke tafe da ke?"

Auta ba ta shirya ƙarya ba, gaskiyar ce ta suɓuce mata. "Uwata ce ta manta da ni."

"Ta manta da ke? Tana da rai?"

"Tana nan."

"Aikin me take yi da ya fi ki?"

"Taimakon mutane."

Kansila ta ja tsaki. "Na san irinsu. Ba ta kyauta ba." Ta sunkuya ta yi rubutu, ta naɗe, ta miƙa mata. "Ki kai mata hannu da hannu. Kar ki ba ɗan aike."

Auta ta buɗe. An rubuta: Ki bar abin da kike yi ki dubi yarinyar nan yau.

Ta juya ta kalli yayanta, ya kau da kai. Sai ta miƙa wa uwar takardar da hannu biyu.

"An ce in kawo miki."

Kansila ta karanta a hankali, leɓunanta na motsi. Ta sake karantawa. Ta ɗago ta ƙura wa Auta ido. Idon tsohuwar ya ciko da hawaye.

"Gaskiya aka faɗa," in ji ta. "Ina da yarinya, ƙarama ce, tana wajen goggonta. Don Allah ki ce mata ta ƙara haƙuri, in na sallami mutanen nan yanzu zan zo."

Ta share ido da gefen mayafi, ta leƙa bayan Auta.

"Saura wa?"