Naushin da Bai Taɓa Shi Ba

Ranar da Nunzio Pagano ya dawo unguwar Red Hook, uwarsa ta dafa taliya tukunya guda, wai abokansa za su zo gaishe shi. Ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Su biyu suka ci, ta rufe sauran da faranti.

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya wani mutumin kamfanin fim ya gan shi a bakin tashar jiragen ruwa yana surfa wa ɗan sanda zagi, bakin yaron ya burge shi. Aka kwashe shi sai California. Can ya yi ta fitowa a finafinan 'yan daba, shi da wasu yara, ana shafa musu datti na cikin gwangwani, suna sata da faɗa a titin da aka gina da kwali. Da ya yi tsawo, muryarsa ta yi kauri, sai aka miƙa masa tikitin jirgin ƙasa aka ce an gode. Yaran ko tasha ba su raka shi ba, don dama aiki ne ya haɗa su.

Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba. So yake ya zauna a matakalar shagon aski tare da samarin layinsu, kamar da. Gaspare, amininsa na ƙuruciya, shi ne jagoransu yanzu. Amma da zarar Nunzio ya matso sai hira ta mutu.

"Ga tauraro nan," in ji Gaspare. "A share masa wuri, kar wandonsa ya ɓaci."

"Haba, Gas. Ni ne fa."

"Mun sani. Kuɗi muka biya muka kalle ka kana kwaikwayonmu. Har tafiyata ka sace, ɓarawo."

Aka yi dariya, ba wanda ya gusa. Haka Nunzio ya ci wata biyu yana zagaye unguwa shi kaɗai, kaɗaici na cin sa, yana gaida tsofaffin mata.

Sai samarin wani layi suka ƙwace dandamalin katako na bakin teku inda su Gaspare ke wanka lokacin zafi. Za a je ƙwatowa, ga ƙarancin mutane. Gaspare ya dubi Nunzio a sheƙe.

"Kai ɗan fim, ka iya faɗa, ko sai a allo?"

Kai, zo ka ga murna! Nunzio har da gudu ya bi su.

Aka kaure a kan dandamalin. Wani ƙato mai jan gashi, Doyle, ya yo kan Nunzio ya ɗaga hannu. To, a California akwai wani tsoho da ya shekara biyar yana horar da su Nunzio faɗan fim, da sanda a hannu: naushi zai wuce ta gefen haɓa, kai kuma ka fizge kai ka zube kafin ya iso. Wanda ya makara ya sha sanda. Nunzio bai yi tunanin komai ba, jikinsa ne ya yi abin da aka koya masa. Tun hannun Doyle na cikin iska ya fizge kai, ya juya, ya tuntsura kan wata ganga, ya miƙe shame-shame, fuskarsa na kallon inda kyamara ta saba tsayawa. Ya kuma kwanta lamo yana jiran a ce a tsaya. Da darakta na wurin, da ya tafa masa.

Doyle ya tsaya yana kallon hannunsa.

"Na rantse ban taɓa shi ba! Jama'a, kun ga na taɓa shi?"

Dariya ta ɓarke. 'Yan layin Doyle har da riƙe ciki, wani ma ya gwada faɗuwar. Faɗa ya watse. Su Gaspare suka sunkuyar da kai don kunya, suka bar musu dandamalin.

Nunzio ya tashi fuska ja, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tari gaban Doyle.

"Sake! Doke ni da gaske!"

"Ni? In fasa fuskar kamfani a kai ni kotu? Rufa mini asiri."

Nunzio ya juya wajen Gaspare, wanda leɓensa ke zubar da jini. Ya miƙa masa haɓa.

"To kai ka doke ni, Gas. Ni na ja muku. Ko sau ɗaya."

Gaspare ya daɗe yana kallonsa, ba fushi a idonsa. Da ma fushin ne, da sauƙi. Ya tofar da jini, ya zura hannuwa a aljihu.

"Je ka gida, Nunzio."

Suka tafi a jere, wannan na nuna wa wancan kumburinsa, wani ya dafa kafaɗar mai ɗingishi. Nunzio ya rage shi kaɗai a bakin ruwa. Ya shafa fuskarsa, ya naɗe hannun riga ya duba sama da ƙasa, ko ƙwarzane babu a jikinsa.