Jarrabawar Munzali

"Ba mai shiga," in ji Iya, tana zaune a kan turmi a bakin ƙofar ɗakin ɗanta. "Jafaru, koma kan keken ɗinkinka."

Na bar ɗinkina ne na leƙo, don an yi sallar La'asar ban ga ɗan nata Munzali a sahu ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tun tasowarsa ban san shi da rasa jam'i ba.

Duk unguwa an san da zancen jarrabawar nan. Munzali ya iya haɗa kwamfutocin ofis su riƙa magana da juna, ya yi wa makarantu a Sandamu da Zango, amma wani kamfani a Katsina ya ce sai da satifiket zai ɗauke shi. A ɗaki ake rubuta ta, wani yana kallonka ta kyamara daga wata ƙasa. Karon farko soke ta aka yi, saboda maƙwabciya ta ɗaga labule tana neman rariya. Ranar na ga ƙato yana hawaye, har na tsokane shi, muka yi dariya.

Shi ya sa wannan karon ya kulle ƙofa, ya rufe taga, ya ɗora Iya gadi. Da aka ɗauke wuta ya tayar da ƙaramin janareta a sito, jikin ɗakinsa, ya ja ƙyauren sito don kada ƙara ta sa a sake sokewa.

"Iya, tun yaushe ya shiga?"

"Tun Azahar. Yaron nan ya ce ko gobara ake kada a buga." Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

Na durƙusa na kara hanci a ƙasan ƙofa. Warin hayaƙin janareta ya bugi kaina. Bangon da ya raba sito da ɗakin bai kai rufi ba, ni na sani.

"Munzali!"

"Kai, za ka sa a kore shi!" Ta riƙe min riga da ƙarfinta duka.

Na fizge, na sa kafaɗa na ɓalle ƙofar. Yana kan kujera, kansa a kan tebur, hannunsa kusa da kwamfutar. Muka kai shi asibiti a Keke Napep, likita ya duba idonsa, ya ja masa zane. Kafin Magariba mun kai shi makwancinsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da na dawo na tarar da Iya a ɗakin ita kaɗai, kwamfutar na kunne da sauran caji.

"Jafaru, kai ka iya boko. Duba min, Munzali ya ci?"

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Na duba. Lokaci ya ƙare, ko rabin tambayoyin bai kai ba.

Ta jira, ta jira. Sannan ta kama bakin mayafinta tana goge gilashin kwamfutar a hankali, har hasken ya ɗauke.