Sunan Mai Rijiya

Goggo Indo ta dire kofin kokonta da ƙarfi har ya fantsalo a kan tebur.

"Sake faɗa in ji," ta ce.

Ƙanena Moro bai ɗago kai ba. Jaririn da matarsa Tahiratu ta haifa shekaranjiya yana barci a cinyarsa, shi kuma yana wasa da ɗan yatsan ƙafarsa.

"Cewa na yi sunan Mai Rijiya nake so in sa masa. Ke kaɗai kika san sunan, Goggo."

"Ei! Duk sunayen annabawa da sahabbai sun ƙare ne? Ka rasa wanda za ka ɗora wa yaro sai mutumin da ya kashe kansa? To bakina ba zai faɗa ba, ko za a yanka ni." Ta juyo kaina. "Ke kuma Suweiba, kina tsaye kina kallo kamar ba ke ce babba ba. Ki gaya masa gaskiya mana."

Ni kuwa na shiga goge tebur, don na san idan na buɗe baki a safiyar nan sai an ji mu har tashar jirgin ƙasa ta Parkchester, unguwarmu a nan New York.

Mai Rijiya kakan kakanmu ne. Bafatake ne, ɗan kasuwar goro, a wani ƙaramin gari da ke kan hanyar Gwanja, tun kafin Turawa su kafu a ƙasar. Shi ya gina masaukin baƙi a garin, ya haƙa rijiyar da ayari ke shayar da jakuna. Yana tsakiyar ƙarfinsa wani baƙin ciki ya sauko masa haka kawai. Ya daina fita kasuwa, ya daina cin abinci, mutane suka ce aljanun rijiya ne suka taɓa shi, kowa ya ja baya. Wata safiya aka tarar ya kashe kansa. Tun daga ranar gidanmu ya binne sunansa tare da shi. Muna da Umaru da Alhassan da Nurudeen kamar a kwashe da kwando, amma ba a taɓa yi wa mutumin nan takwara ba. Goggo, yayar mahaifinmu, ta ji sunan ne daga bakin kakarta, wadda ita ce 'yar Mai Rijiya ta cikinsa. Idan Goggo ta mutu da shi, shi ke nan ya tafi.

* * *

Abin da ya sa Moro ya nace, ni na san shi, don a gabana aka yi.

Sanyin bara ya daina fita da tasi. Mutumin da ba ya zama, mai tsokanar kowa a masallaci, sai ga shi kwance a ɗaki labule a sake, waya a kashe. Tahiratu ta dafa waakye, wato shinkafa da wake irin na gida, ta dafa tuwon zafi, ko kallo ba ya yi. Goggo ta ce sammu ne, ta aika Kumasi a kawo rubutu. Abokansa suka ce namiji ba ya haka, ya tashi ya nemi na kansa. Wallahi har yau idan na tuna maganar nan raina ɓaci yake.

Wata safiya ina gidan tsohuwar da nake kula da ita, sai ga kiransa. Ya ajiye mota kusa da gada, muryarsa a sanyaye.

"Yaya, na gaji. Ki riƙe mini Tahiratu."

Ban san yadda na isa wurin ba. Na dai san na riƙe rigarsa da hannu biyu ina kuka ina zaginsa, har muka shiga asibiti. A can likita ta tambaye shi ko a danginsu an taɓa samun mai irin wannan ciwo. Ya ce babu. Ni ce na tuna da raɗe-raɗin da muke ji muna yara, na ce akwai wani, amma ko sunansa ba mu sani ba. Moro ya juyo ya dube ni, karo na farko da na ga idonsa ya motsa a watannin nan.

Ya kwanta a asibiti, aka ɗora shi a kan magani, yana zuwa ganin likita har yanzu. Ya warware, ya koma aiki, tsokanarsa ta dawo har ta fi ta da. Amma da mutane suka tambayi inda ya shiga, Goggo cewa ta yi ya tafi Ohio neman aiki. Maganin ma a cikin mota yake ɓoye shi, kamar kayan sata.

* * *

Ranar suna falon Moro ya cika tun da hantsi. Maza a kan tabarmi, mu mata a ɗaki da kicin, yara suna ta guje-guje ana musu tsawa da Hausa suna amsawa da Turanci. Ga faranti cike da goro da dabino a tsakiya. Goggo ta sha ado, ta zauna bakin gado ta ɗaure fuska tamau.

Liman ya miƙa kunne wajen Moro. "Wane suna?"

Maimakon ya raɗa masa, sai Moro ya miƙe tsaye.

"Jama'a, ku yi mini haƙuri. Ban taɓa zuwa Ohio ba, ko hanyar ban sani ba." Wasu suka yi 'yar dariya. "Asibiti na kwanta. Ciwon damuwa ne ya kama ni, har na yi niyyar kashe kaina. Allah ya sa na kira yayata. Yanzu ina shan magani, kuma ga ni a gabanku lafiya lau. Muna da kaka da ciwon nan ya kama, shi bai sami wanda zai kira ba. Sunansa nake so in sa wa ɗana, amma ban san sunan ba."

Wani ya ja tsaki ƙasa-ƙasa, na leƙa in ga ko waye don in riƙe shi a raina. Goggo kuwa ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Ya kashe mu, yaron nan ya tona mana asiri."

Sai Alhaji Muniru ya yi gyaran murya. Dattijo ne mai shagon kayan abinci a Port Richmond, can tsallaken ruwa, tun asuba ya hawo jirgin ruwa don sunan nan, kuma ba mai yawan magana ba ne.

"Ɗana Kudus," ya ce. "Kun zo mini gaisuwa, na ce muku haɗarin mota ne. Ba haɗari ba ne. Yaron nan ya yi ta gaya mini ba shi da lafiya, ni kuma ina ce masa ya ƙara yawan salla ya daina shagwaɓa." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. Ya kama hannun Moro. "Zauna kusa da ni, ɗana."

Liman ya ɗago kai. Sannan ya ce kashe kai babban abu ne, ba mai musun haka, amma ciwo ciwo ne, neman magani kuma umarni ne, hukuncin wanda ya riga mu kuwa yana wajen Allah, ba a hannunmu yake ba.

Ban ji tasowar Goggo ba. Ganinta kawai na yi a bakin ƙofar falo, ta dafa bango, ita da ba ta taɓa shiga taron maza ba.

"Uwaisu," ta ce.

Ba kowa ne ya ji ba. Ta sake faɗa da ƙarfi.

"Uwaisu sunansa. Uwaisu ɗan Abdu. Kakata ta ce dogo ne, mai wushirya, ba ya iya cin abinci sai da baƙo."

"Sunan yaro Uwaisu," in ji liman. "Allah ya raya shi. Allah ya jiƙan mai sunan."

Amin ɗin da aka amsa sai da maƙwabcinmu na ƙasa ya buga silin. Ni kuwa na saki guɗa, na manta a New York nake, matan kicin suka karɓa. Tahiratu tana dariya tana kuka. Wata yarinya ta tambayi uwarta da Turanci me ya faru, uwar ta ce, "Suna aka yi, ci ƙosanki."

* * *

Da la'asar, bayan an watse, Moro ya ɗauki makullin mota zai sauka ƙasa.

"Ina zuwa?" Goggo ta tambaya.

"Zan ɗauko abu a mota."

"Ka hawo da shi gaba ɗaya. Nan za ka riƙa sha, a kan tebur, ina gani."

Da ya dawo, ita da kanta ta zuba masa ruwa a kofi, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Sannan ta ce in haɗa mata ruwan ɗumi a roba. Ta naɗe hannun riga, ta ɗora jaririn a ƙafafunta kamar yadda ake yi a gida, ta shiga cuɗa shi yana tsala ihu.

"Yi kukanka, Uwaisu, muna jin ka," ta ce.

Ta ɗebo ruwa a tafin hannu ta zuba masa a ka. Ba ta dube ni ba, amma da ni take.

"Kakata ta ce garin nan kaf daga rijiyarsa suke sha. Ranar da ya mutu aka rasa mai jawo guga ɗaya a wanke shi."

Ta sake ɗebo ruwan, ta zuba a hankali.