Gorar Sagiru

Ƙafafun Malam Hamidu a tsakiyar katakon shiga jirgi suka ƙi tafiya.

Nuriya, 'yarsa, tana biye da shi ta ga abin da take tsoro tun daga gida: dugadugansa sun manne, gwiwoyi na kaɗawa, kafaɗunsa kuwa sun ci gaba da tafiya ba tare da ƙafa ba. Katakon siriri ne, daga gaɓa zuwa bakin kwale-kwalen da zai kai su Malanbil sayen magani. A ƙarƙashinsa ruwan Kwara na gudu ja wur, mai jiki a sandare in ya faɗa ba ya fitowa.

Likita ya taɓa yi mata bayani. Ya ce ƙafar lafiyarta lau, umarnin tafiya ne ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa, amma in ido ya ga abin tsallakewa sai umarnin ya bi wata hanya. Shi ya sa tsakar gidansu duk zanen gawayi ne. To nan katako jiƙe yake sharkaf, gawayi ba zai kama ba.

"Kai tsoho, burkutu ka sha da safen nan?" Sagiru ne, mai jirgin, riƙe da gorar tuƙi. A bayansu masu ɗauke da buhunan albasa sun fara zagi.

"Don Allah malam, ba shi da lafiya ne..."

"To ya je ya mutu a tudu!"

Gorar ta sauka a kafaɗar uban, tim. Ya yi tangaɗi, hularsa ta faɗa ruwa ta wuce. Wani ya bangaji Nuriya da buhu ta durƙusa. Da ta ga an sake ɗaga gorar sai ta kutsa ta gefen uban ta tare. Duka ya same ta a baki. Ta ji haƙori ya motsa, jini ya cika mata harshe, amma hannuwanta biyu sun riga sun damƙe gorar.

Sagiru ya fizga. Nuriya ta bi gorar, ta danne ta da dukan nauyinta har gorar ta kwanta a gicciye bisa katakon, daidai gaban yatsun uban.

"Baba, tsallake!"

Idonsa ya sauka kan gorar. Ƙafar dama ta ɗagu kamar ba ita ba.

Sagiru ya shure ta a haƙarƙari, ya ja gorarsa. Jan nan ya matsar da gorar gaba. Ta sake dannewa.

"Tsallake, Baba!"

Haka suka yi, yana ja yana ashar, tana dannewa, tsohon na tsallakewa, har ya zube cikin jirgin bisa albasa.

Sagiru ya miƙo hannu yana haki. "Ba ni gorata, 'yar banza."

Nuriya ta tofar da jini cikin kogi, ta rungume gorar a ƙirjinta.

"Sai mun sauka. Can ma akwai katako."