Hanjin Rago da Na Kwali

Shekara talatin da biyu ni nake zaɓen hanjin da ake ɗura wa niƙaƙƙen nama a yi soseji a gidanmu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ke niƙa nama ya haɗa yaji, amma hanji nawa ne, ko shi bai isa ya sa mini baki ba. Da sassafe nake zuwa wurin mahauta, in riƙa ɗaga hanjin rago ɗaya bayan ɗaya ina dubawa a hasken ƙofa. Mai kauri ba na so, mai ɗigon baƙi ba na so. In na dawo gida in juya cikinsa waje, in kankare da bayan cokali, in ɗura masa ruwan famfo ko zan ga huda, sannan in binne shi a gishiri. Yatsuna duk sun tsattsage, ban taɓa ƙorafi ba.

Sai ga babban ɗana, wanda ya gaji injin niƙa naman ubansa, ya shigo kicin da wani kwali. A ciki busassun bututu ne a naɗe, kamar da takarda aka yi su.

"Umma, hanji ne na kamfani. Ba wanki, ba wari, ba ya fashewa. Ki huta haka nan."

"Na ce maka na gaji? Wannan abin ko kare ba zai shinshina ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi hutu yake kiransa, ni kuwa na san kora ce. In aka raba ni da hanji, me ya rage mini a kicin ɗin nan ban da shara?

Na ce to a gwada. Nama ɗaya, yaji ɗaya, rabi a nawa, rabi a nasa, a kira kawunsa ya ɗanɗana, wanda ya zaɓa shi za a bi. Kawun nan ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, bakinsa ba ya shiru sai in da loma a ciki, kuma duk unguwa ba inda bai yi alfahari da sosejina ba. Ɗana ya yarda.

Kwana uku ina gyaran hanjina. Ran gwaji na soya duka da hannuna, na zuba a faranti biyu.

Kawu ya ci na hagu, ya kurɓi ruwa. Ya ci na dama, ya lumshe ido.

"Haba Yaya, wannan har gwaji ne? Ga naki nan." Ya ƙwanƙwasa farantin dama. "Ko ido rufe na san hannunki. Wancan kuwa ga tauri, ga wani ɗan ƙarni. Kai kuma ka mayar wa kamfani kayansu."

Farantin dama na kwali ne.

Ɗana ya dube ni, ya dubi faranti, ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne, Kawu. Umma ce ta ci."

Wallahi da dariya ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na tsaya riƙe da cokali ana yi mini barka, ƙanena yana ta narkar na kwali yana sa mini albarka, ɗana yana jin tausayina. Ban taɓa jin kunya mai ɗaci irin wannan ba.

Washegari ɗana ya leƙo ɗakina.

"Umma, yau ba za ki wurin mahauta ba?"

Na ce gwiwata ke ciwo, gara ya ɗauko kwalinsa kawai.

Gwiwata lafiyarta ƙalau.