Karayar da Ta Warke

Ƙashin ƙwaurin hagu ne, ya taɓa karyewa ya haɗe a karkace. Auta ta ajiye burushin da take share shi, ta nemi kujera ta zauna.

Shekara shida tana aiki a ɗakin binciken nan, tana wanke ƙasusuwan mutanen zamanin da, tana manna musu lamba, ko a jikinta. Amma wannan masu haƙar tsakuwa ne suka tono shi a bayan gari, a hanyar da aka yi wa yayanta ganin ƙarshe shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Shi ma da hagu yake ɗingishi, tun faɗowarsa daga bishiya yana yaro.

Baki shi ke yanka wuya. Ta kasa riƙewa, ta faɗa wa Inna. Tsohuwar da kullum take zaune a bakin ƙofa tana kallon hanya ta naɗe tabarmarta ta koma ɗaki. Ta aika aka yanko likkafani, ta ajiye a ƙarƙashin matashi. Ta daɗe da fid da rai da ganin ɗan nata a raye. Kabari kawai take so, inda za ta san yana kwance.

Bayan mako uku Farfesa, shugaban ɗakin binciken, ya shigo da sakamako, baki har kunne. Ya ce gwajin gawayin da aka samu a ramin, da gatarin dutsen da ke gefe, sun nuna shekara dubu tara.

"Ku dubi karayar nan," in ji shi. "Watanni ya yi ba ya iya farauta, kuma bai mutu ba. Wani ya ɗaure masa ƙafa, ya ciyar da shi."

Aka yi ta tafi. Auta ma ta tafa, tana jin haushin kowa a ɗakin, har da mai ƙashin.

Da yamma ta durƙusa gaban Inna ta faɗa mata komai. Tsohuwa ba ta bi ta kan zancen dubban shekaru ba.

"Kika ce an yi jinyarsa?"

"An yi, Inna."

"To uwarsa ce. Wa zai zauna da mai karaya wata uku in ba uwa ba? A me kuka sa shi?"

"A kwali."

Inna ta ɗaga matashi ta jawo likkafanin. "Kai masa. In an samo nawa, ma yanko wani."

Dokar ɗakin binciken ta hana sa komai a kwalin ƙashi sai takarda. Washegari Auta ta shimfiɗa farin ƙyallen, ta jera ƙasusuwan a kai ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, ta rubuta lamba.

Da ta dawo gida, tun daga nesa ta hango tabarma a bakin ƙofa.